FILIN MATA: Macen Da Ta Ɗaura Baƙar Ɗamara

Makon nan mun jingine zancen girki da ɗinki, zan kai ku wata ƙasa mai nisa, watau Barazil, mu ga wata mace da ta yi suna wajen kokawa. Na sani wata za ta riƙe baki ta ce, "Malama, kokawa kuma a filin mata?" To, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, sa'an nan ki yanke mini hukunci.

Ita wannan kokawa sunanta jujitsu, asalinta daga Japan ne. Wani gwani mai suna Mitsuyo Maeda ya sauka Barazil cikin 1914, ya koya wa wani saurayi, Carlos Gracie. Shi kuwa Carlos ya buɗe makaranta a birnin Riyo cikin 1925, shi da ƙannensa, har abin ya zama sana'ar gidansu. Ta bambanta da kokawar da mu ka sani. A tamu, in an ka da mutum magana ta ƙare. A tasu kuwa, sai an kai ƙasa ne a ke soma aikin sosai. Ba duka, ba shuri. Dabara ce ta riƙe hannu ko wuya yadda ƙaramin mutum zai iya rinjayar babba. Wanda ya ga an kama shi ba mafita, sai ya bubbuga da tafin hannunsa, nan take a sake shi, su tashi su gaisa.

Kowane ɗalibi da ɗamarar da ya ke ɗaurawa bisa rigarsa, ita ce ke nuna ajinsa. Fara ta sabon shiga ce, sai shuɗiya, sai shunayya, sai mai ruwan ƙasa, daga nan sai baƙa, watau ta malamai. Kafin mutum ya kai ga baƙar nan ya kan yi wajen shekara 10 yana fama. Ku 'yan makaranta ku lissafta, kusan daga shiga aji ɗaya ke nan har fita babbar makaranta.

To, a gidan nan na Gracie aka haifi Kyra cikin 1985. Shi Carlos ɗin kakan uwarta ne. Kwa ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Haka ne, amma a gidan nan maza a ke sa wa ido su gaji sana'a. Ita da bakinta ta sha faɗi cewa ba a ƙarfafa wa mata gwiwa ba, har uwarta ma ta fara, ta tsaya a hanya. Kyra dai ta ƙi tsayawa. Tana da shekara 11 ta soma shiga gasa. Da ta tasa ta tafi Amurka wurin kawunta Renzo, wanda ke da makaranta a birnin New York, ta ci gaba da koyo.

Cikin 2005 aka fara ba mata fili a babbar gasar nan da a ke kira ADCC, wadda wani basaraken Abu Dabi ya kafa. Kyra ta shiga ajin masu nauyi ƙasa da kilo 60, ta ɗauke lambar zinariya, shekarunta 20 kacal, ko baƙar ɗamara ba ta samu ba tukuna. Cikin 2006 ƙanen kakanta, Carlos Gracie ƙarami, ya ɗaura mata ita, ta zama mace ta fari a zuriyar da ta kai wannan matsayi. Ta sake cin gasar ADCC cikin 2007, ta ƙara cikin 2011 a Nottingham ta ƙasar Ingila. Gasar duniya kuma ta masu sa riga ta ci ta cikin 2006 da 2008 da 2010.

Kada ku zaci ba ta taɓa faɗuwa ba. Akwai wani aji da ba a auna nauyi, kowa da kowa ke shiga. Cikin 2009 ta kai karon ƙarshe a ajin nan, ta gamu da wata Ba'amurkiya, Lana Stefanac, wadda ta fi ta jiki nesa, aka rinjaye ta gaban jama'a. Shekara na zagayowa sai ga ta ta komo fili. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni cikin wasan nan duka. Ɗalibi ba ya ƙwarewa sai ya bubbuga hannu sau ba iyaka, watau ya yarda an fi shi yau, ya tashi ya tambayi inda ya yi kuskure. Sau nawa na ga yarinya a ajina ta gwammace ta yi shiru da ta ɗaga hannu ta ce ba ta gane ba? Kunyar tambaya ta kan jawo kunyar jarrabawa.

Amma ba don lambobin zinariya na kawo muku labarin nan ba. Ƙarfin jiki na ɗan lokaci ne, lamba kuwa a kan rataye ta a bango ta yi ƙura. Da Kyra ta bar gasa ta yi iyali, sai ta juya ga koyarwa. Ita da mijinta suka buɗe makaranta a Riyo mai suna Gracie Kore, ta sa ƙarfinta wajen yara ƙanana da mata. Yara ta koya musu ladabi da yadda za su tsare kansu daga masu cin zali, mata kuma yadda za su kuɓuta in wani mugu ya riƙe su. Yarinyar da aka so ta zauna gefe tana kallo, ita ce ta zama malamar ɗiyan waɗansu. Ita ma ta tarar an share mata hanya ne, gama tun 1990 wata 'yar ƙasarsu, Yvone Duarte, ta riga dukan mata samun baƙar ɗamara.

Ni ban ce ku fita tsakar gida ku kama kokawa da kishiyoyinku ba, kada a kai ƙarata wurin Edita! Abu biyu na ke so mu ɗauka. Na fari naku ne, 'yan makaranta. Malaman jujitsu su kan yi kukan ɗalibai da yawa na gudu da zarar sun sami shuɗiyar ɗamara, sun ɗanɗana kaɗan sun zaci sun ƙoshi. Mu ma muna da irinsu. Bara wata yarinya mai kaifin kai ta bar ajina saura shekara guda ta gama, har yau in na dubi bencinta sai raina ya ɓaci. Iyaye mata, ku taimake mu, ku bar su su kai ga baƙar ɗamararsu. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu namu ne manya. Wadda ta iya karatu, ko saƙa, ko ɗinkin hula, ko renon jariri yadda ya kamata, ta tambayi kanta mutum nawa ta koya wa. Na san gidajen da uwa ta mutu da sana'arta a hannu, 'ya'yanta na sayen abin da da su ke sayarwa. In kin iya karanta jaridar nan, akwai wata a gidanku ko maƙwabta da ba ta iya ba. Ki kira ta da la'asar in an sauke tukunya, ki fara mata da baƙaƙe biyar. Ta yi kuskure ki gyara, gobe ta komo.

Wadda ta gwada ta rubuto mini yadda suka ƙare, zan buga a filin nan. Sai mako mai zuwa.

Taku,
Malama