Ba Injin Ne Ya Ɓata Shaddar Ba, Kuma Ba 'Yar Aiki Ba Ce

A gidaje da yawa, ranar da baƙin kaftani ya fito daga injin wanki lulluɓe da farin ɓurɓushin zare, an riga an san wanda zai sha faɗa. Ko dai a la'anci injin, ko a tuhumi yarinyar da ke aikin gida, wani lokaci har a zaftare mata albashi. Wannan zalunci ne, domin yawanci laifin na mai gidan ne da ya sayi inji bai koyi aiki da shi ba, bai kuma koya wa kowa ba.

Ɓurɓushin nan guntayen zare ne da ke tsinkewa idan tufafi suka gogi juna. Tawul da bargo da sabon yadin auduga su ne suka fi zubar da shi. Yadin roba irin su foliyesta kuwa janyo shi yake yi, musamman da hunturu, lokacin da bushewar iska ke ƙara masa ƙarfin manne wa abu. Duk wanda ya haɗa farin tawul da baƙin wando a wanki ɗaya, shi ya shirya wa kansa wannan abin kunya.

Sai kuma halin son sauri. Don gudun kada a ɗauke wuta, akan cusa kayan mako guda cikin inji, ruwa ya kasa zagayawa balle ya kwashe zaren. A zuba omo fiye da ƙima, a bar tishu a aljihu ya narke. Injin da ake zuba wa kaya ta sama yakan zo da ƙaramar matata mai tare zare, amma wasu gidajen sukan shekara ba su buɗe ta ba.

Maganin bai kai kuɗin kaftani ɗaya ba. A ware masu zubar da zare daga masu kama shi, fari daga baƙi. A juya tufafi ciki waje, a zuge zif, a laluba aljihu. A bar sarari a cikin inji, a zaɓi wanki mai laushi da ruwan sanyi, a wanke matata bayan kowane wanki.

Wanda ya iya karanta takardar kwangila mai shafi 40 ba shi da uzurin ƙin karanta littafin bayanin injinsa. Kafin ya ɗaga wa yarinya murya, ya fara buɗe matatar ya gani.