Mai Igiya Ko Marar Igiya?

Jama'a, akwai wata gardama da ta daɗe tana kai da komowa tsakanin masu riƙe da wayar hannu, a ofisoshi da makarantu da rumfunan kasuwa, watau maganar abin sauraron nan da ake sawa a kunne, wanda aka fi sani da iyafis. Waɗansu sun ce mai igiya ya fi, waɗansu kuwa sun ce kwanansa ya ƙare, marar igiya shi ne na zamani. Abin da ya ta da ƙurar shi ne 'yar kafar nan da ke gindin waya ko samanta, inda ake cusa kan iyafis, wadda manyan kamfanoni suka toshe a wayoyinsu masu tsada. To, tun da al'amarin ya taɓa aljihun kowa, ya kyautu mu bi shi daki-daki, mu ga wa ya ci riba, wa ya faɗi.

Da farko dai ku sani wannan kafa tsohuwa ce ƙwarai. Asalinta tun wajen 1878 ne, sa'ad da aka fara haɗa layukan tarho a Amurka. A lokacin ma'aikaci ke zama gaban wani allo mai ramuka, in wani ya nemi magana da wani, sai ya jawo igiya ya cusa kanta cikin ramin wancan. Kaurin wannan kai milimita 6.35 ne, har gobe kuwa da irinsa ake haɗa waɗansu kayan kiɗa da na lasifika. Bayan 1950, da aka ƙago ƙananan rediyo na aljihu, sai aka yi masa ƙane mai milimita 3.5. Shi ne kamfanin Sony na ƙasar Japan ya sa wa ɗan akwatin kaset ɗinsa mai suna Walkman a 1979, daga nan ya game duniya.

Babban alherin wannan kafa shi ne ba ta da ubangida. Kamar rijiyar gari take, kowa ya zo da gugansa ya ɗiba. Iyafis ɗin da ka saya a teburin ɗan tireda zai shiga rediyonka, ya shiga kwamfutar ofis, ya shiga wayar maƙwabcinka, ko ƙirar Sin ce ko ta Koriya. Ba ya neman caji, ba ya neman a koya wa mutum yadda ake haɗa shi. Ka cusa, ka ji magana, shi ke nan.

Ana nan haka, ran 7 ga Satumba 2016, sai kamfanin Apple na Amurka ya fito da wayarsa iPhone 7 ba kafa. Ba shi ya fara ba, gama Oppo da Motorola sun riga shi gwadawa a waɗansu wayoyinsu, amma in babba ya taka rawa, yara na kallon ƙafarsa. Wani jigon kamfanin, Phil Schiller, ya tsaya gaban taro ya ce ƙarfin hali ne ya sa suka yi haka. A wannan zama kuma suka nuna nasu iyafis marar igiya, AirPods, a kan dala 159. Ku tuna kuma tun 2014 sun sayi kamfanin Beats, mai ƙera kayan sauraro, a kan dala biliyan 3. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Abokan gasarsu suka yi ta yi musu ba'a cikin talla. Google ya yi alfahari da cewa wayarsa Pixel ta 2016 tana da kafa, shekara na kewayowa sai ga Pixel 2 a toshe. Samsung ma ya yi tasa dariyar, amma a 2019 ya fito da Galaxy Note 10 ba kafa. Ashe laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Dalilan da kamfanonin suka bayar uku ne. Na ɗaya, wai kafar tana cin wuri a cikin waya, wanda da an ba batir ko kyamara. Wannan akwai ƙamshin gaskiya, don cikin waya matsattse ne. Na biyu, wai ta nan ruwa ke shiga. Wannan kam ba ta zauna ba, domin a 2016 ɗin nan Samsung ya fito da Galaxy S7, ga ta da kafarta, ga shi kuma an shaide ta za ta yi minti 30 cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya da rabi ba ta lalace ba. Na uku, wai duniya ta doshi rashin igiya, sai a bi zamani. Kafin mu auna wannan, bari mu ga yadda kowannensu ke aiki.

Murya a cikin waya a ajiye take kamar lissafi, watau jerin lambobi. Kafin kunne ya ji ta, dole a mai da lambobin nan su zama wutar lantarki mai hawa da sauka, wadda za ta girgiza wata 'yar fata-fata a cikin iyafis kamar yadda makaɗi ke girgiza fatar ganga. In mai igiya ne, waya ce ke yin wannan aiki duka, igiya kuwa hanya ce kurum. In marar igiya ne, sai waya ta matse lambobin, ta aika da su ta iska bisa dabarar da ake kira Bluetooth, wadda kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ya fara aikinta a 1994, aka sa mata laƙabin wani sarkin Danmak na ƙarni na 10. Saboda haka ɗan abin da ke kunnenka tilas ya zamana yana da nasa rediyo, da nasa mai juya lambobi, da nasa batir, duk cikin abin da bai wuce girman ƙwarar gurjiya ba.

Kada mu ci amanar gaskiya, wannan gwaninta ce babba, tana kuma da amfani. Tela a kan keke, da mai girki, da makanike, duk suna iya amsa kira hannuwansu na bisa aiki, waya na can ajiye taku goma. Ba igiyar da za ta harɗe a aljihu, ko ta maƙale a ƙofa ta fizgo waya ƙasa, ko ta tsinke daga wuya, wanda shi ne ciwon ajalin mai igiya. Masu kyau daga cikinsu suna rage hayaniyar waje, yawancin kunnuwa kuwa ba za su rarrabe muryarsu da ta mai igiya ba.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Marar igiya yana neman caji bayan 'yan sa'o'i. Muryarsa takan makara kaɗan, har ka ga bakin mai magana a fim ya riga sautinsa. Mafi muni duka shi ne batir. Irin wannan batir ƙarfinsa raguwa yake da kowane caji, bayan shekara biyu ko uku sai ka ga abin da ke wuni ya koma ba ya kai sa'a guda. Yawancinsu kuwa da gam aka liƙe su, ba dama a buɗe a sake batir. Masu binciken gyaran kaya na iFixit, da suka farke AirPods, sifiri suka ba shi bisa goma wajen gyaruwa. Ƙarshensa bola. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar ya nuna a 2022 kaɗai duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, abin da aka tabbatar an sake sarrafawa bai kai rubu'i ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Bluetooth yana cikin wayoyi shekaru da yawa kafin 2016. Mai waya mai kafa hanya biyu gare shi, in ya so ya sa marar igiya, in cajinsa ya ƙare ya koma ga mai igiya. Da aka toshe kafar ba a ƙara masa wata hanya ba, ɗaya aka ɗauke daga cikin biyun. Aka ce ya sayi 'yar mahaɗa ya cusa a kafar caji. Ita kuwa ga saurin ɓata, ga shi ba ka caji kana saurare sai da wata dabara, waɗansu ma ba kowace waya suke yi wa aiki ba. Wanda ya sayi iyafis mai kan Lightning a 2016, ya wayi gari a 2023 Apple ya koma USB-C bisa matsin dokar Tarayyar Turai, nasa ba ya shiga sabuwar waya. Iyafis ɗin Walkman na 1979 kuwa har yanzu zai shiga duk kafar da ta rage. Da tsohuwar zuma ake magani.

A wajenmu al'amarin ya fi nauyi. Inda wutar lantarki ba ta zama, har mutum yakan biya kuɗi a yi masa cajin waya a rumfa, ƙara masa abu na biyu mai neman caji ƙarin ɗawainiya ne. Ban da haka, mu mutane ne masu son rediyo, a wayoyi da yawa kuwa igiyar iyafis ita ce eriyar da ke kamo tashoshin FM, ba tare da an kashe kwabo na data ba. Shi ya sa Tecno da Itel da Infinix, waɗanda suka san kasuwar Afirka, suka bar kafar a yawancin wayoyinsu masu sauƙin kuɗi. Abin mamaki, sai ga wayar talaka tana da abin da ta attajiri ta rasa.

Akwai alamar gyara tafe. A 2023 Tarayyar Turai ta yi doka cewa daga 2027 kayan hannu da ake sayarwa a ƙasashenta su zamana ana iya cire batirinsu a sake wani, ban da waɗansu da aka keɓe. In wannan ta kama kayan sauraro sosai, rabin kukanmu ya ƙare.

Kafin nan, shawararmu ga mai karatu ita ce, in za ka sayi waya, bayan ka tambayi kyamara da batir, juya gindinta ka duba ko da kafa, ka kuma tambaya ko tana kama rediyo. In za ka sayi marar igiya, saya da sanin cewa kamar haya ka ɗauka ta 'yan shekaru, ka auna kuɗinsa bisa wannan. Mai igiyarka kuwa kada ka yar, nannaɗe shi ka ajiye a aljihun tebur, gama guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Su masu ƙira kunnensu na kasuwa, abin da masu saye suka nace a kai shi suke ƙerawa. Allah ya sa mu dace. Haza wasalam.