Kiristocin Karaye da Rogo: Dogaro ga Allah da nauyin da ke kan hukuma

A ƙauyukan Karaye da Rogo da ke yammacin Jihar Kano akwai Hausawa Kiristoci, akasarinsu jikokin Maguzawa, manoma da ke halartar coci-coci irin su ECWA da Baptist. Da Hausa suke sujada, harshen da aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki cikinsa tun 1932.

A watan Afrilun 2015 wasu matasa suka ƙona cocin Baptist a ƙauyen Gidan Maso da ke Rogo, bayan taƙaddama kan wani da ya musulunta sannan ya koma Kiristanci. Rahotanni sun ce 'yar limamin cocin ta rasu a harin, kuma Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya ba da umarnin sake gina cocin.

Me ke riƙe da mutane a irin wannan hali? Koyarwar addininsu ta nuna musu cewa wahala ba alamar Allah ya yashe bawansa ba ce, tunda Almasihu kansa ya sha tsanani. Wannan ya dace da tarbiyyar Bahaushe, wanda ya san mahaƙurci mawadaci. Akwai kuma dalili na zahiri: baƙo a Sabon Gari yana da garinsu da zai koma idan rikici ya tashi, amma manomin Rogo gonarsa da kaburburan kakanninsa duk nan suke.

Sai dai haƙurin talaka ba ya sauke wa hukuma nauyi. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, har da 'yancin sauya shi. Shugabannin Kiristoci, ciki har da na Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, sun daɗe suna kokawa kan wahalar samun filin gina coci da takardar shaidar ɗan ƙasa.

A Yulin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu kan dokar da ta mai da Karaye masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Karaye da Rogo kaɗai. Yanzu fada ta matso kusa da waɗannan ƙauyuka. Abin lura shi ne ko hakimai da dagatai za su riƙa sasanta rigimar sauya addini tun tana cikin gida, kafin matasa su ɗauki doka a hannunsu.