Poynings ya fi Cromwell cutar da Ayilan

Idan ana lissafin Turawan Ingila da suka cuci Ayilan, sunan Oliver Cromwell ne yake fara zuwa baki, saboda kisan gillar da sojojinsa suka yi a garin Drogheda a 1649. Ba na rage masa laifi ko kaɗan. Amma a ganina wanda ɓarnarsa ta fi daɗewa shi ne Edward Poynings, gwamnan da Sarki Henry na Bakwai ya tura, wanda ya tara majalisa a wannan garin na Drogheda a 1494, ya sa ta ɗaure kanta da kanta. Dokar da aka laƙaba wa sunansa ta hana majalisar Ayilan zama sai da izinin sarki, ta kuma hana ta duba kowane ƙudiri sai sarki da majalisarsa a Ingila sun riga sun amince da shi. Kusan shekara 300 aka yi a haka, wakilan ƙasa sun koma 'yan amshin Shata.

Masu kare Poynings suna da hujjar da ta cancanci a saurara. Sun ce Henry tsoron sarautarsa yake yi, domin a 1487 manyan Dublin, ƙarƙashin jagorancin gwamnan lokacin, Gerald FitzGerald na Kildare, sun naɗa wani yaro, Lambert Simnel, a matsayin sarkin Ingila. Dokar, in ji su, takunkumi ce ga gwamnoni masu son kai, har ma wasu 'yan majalisar Ayilan na ƙarni na 16 sun riƙe ta a matsayin garkuwa daga gwamnonin. Wannan gaskiya ne. Sai dai niyyar mai doka daban, aikin da dokar ta yi daban. Simnel ya wuce, ikon gidan Kildare ya rushe, amma dokar tana nan, kuma a kanta aka ci gaba da gini. A 1699 majalisar Ingila ta hana Ayilan sayar da kayan ulu ga ƙasashen waje don kare masaƙan Ingila, sana'ar da dubban gidaje ke ci da ita ta durƙushe. A 1720 kuma Landan ta fito fili da dokar da ta ce tana da ikon yi wa Ayilan doka kai tsaye. Wane gwamna mai taurin kai aka ladabtar da hana masaƙi kasuwa?

Hujja ta biyu ta fi nauyi: ai majalisar Dublin ta tsirarun Furotesta ce, kuma ita ta ƙaƙaba wa Katolika masu rinjaye dokokin da suka raba su da filaye da muƙamai, don haka 'yancinta ba 'yancin talaka ba ne. Haka ne, amma a tambaya wa ya rufe wa Katolika ƙofarta. Dokar Ingila ta 1691 ce ta tilasta rantsuwar da babu Bakatoliken da zai iya yi, kuma dokokin danniyar da suka biyo baya duk da amincewar Landan suka tabbata. Bayan da ɗan majalisar Dublin Henry Grattan da magoya bayansa suka sa aka sassauta dokar Poynings a 1782, lokacin da yaƙin Amurka ya jigata Ingila, wannan majalisa mai aibu ta mayar wa Katolika damar jefa ƙuri'a a 1793, ko da yake da matsin lamba daga Landan. Ke nan tana gyaruwa. Maimakon a bar ta ta gyaru, bayan tawayen 1798 Firayim Minista William Pitt ya sa aka rushe ta ta hanyar rabon sarautu da kuɗi, haɗewar ƙasashen ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1801. Alkawarin da aka yi na ba Katolika kujera a majalisar Landan kuwa Sarki George na Uku ya ƙi, sai 1829 aka cika shi.

Shi ya sa da yunwa ta auka wa tsibirin daga 1845, har mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, babu majalisa a Dublin da za ta ce a dakatar da fitar da abinci. Cromwell bai cika shekara guda a Ayilan ba. Tsarin da Poynings ya kafa tubalinsa kuwa bai saki kudancin tsibirin ba sai 1922.