Gwangwani Mai Huda Ba Wasa Ba Ne

'Yan'uwa malamai, akwai wata jimla da ake maimaita wa yaranmu, kuma ba gaskiya ba ce: wai 'yan sama-jannati suna shawagi a cikin kumbonsu ne domin can sama ƙasa ba ta jan komai. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana nisan kilomita 400 ne kacal daga doron ƙasa, kuma a wannan nisa jan ƙasa bai ragu da fiye da kashi 10 cikin 100 ba, ko kusa da haka. Abin da ke faruwa shi ne tashar da mutanen cikinta faɗowa suke yi tare, sai dai gudun da suke yi a kaikaice, kusan kilomita 28,000 a awa, ya sa kullum suna kuskuren ƙasar. Wanda yake faɗowa tare da ma'auninsa, ma'aunin ba zai nuna nauyinsa ba.

Ana iya nuna wa ɗan aji biyar wannan da gwangwanin madara. A huda shi a gindi, a cika shi da ruwa, ruwan ya yi ta tsiyaya. A sake shi daga kan tebur: muddin yana faɗowa, tsiyayar ta tsaya cak, domin ruwan da gwangwanin tafiya ɗaya suke yi. Gani ya kori ji. To amma malamin da ya fitar da yara tsakar makaranta domin wannan, idan mai duba makarantu ya riske shi, abin da zai fara ji shi ne, “Malam, wasa kuke yi? Ina rubutun allo?” Littattafan yara ake ƙirgawa, shafi nawa aka kwafa. Ba a tambayar yaron me ya gane.

Su masu kiran wannan wasa, ko sun san yadda manyan masana suke aiki? A birnin Bremen na Jamus akwai hasumiya mai tsawon mita 146, ana zuƙe iskar cikinta, a sako akwatin gwaji daga sama domin a sami daƙiƙa 4.7 na rashin nauyi. Gwangwaninmu ne, aka yi masa gini. A Faransa, jirgin Airbus A310 na kamfanin Novespace yana cilla sama sannan ya sulmiyo, mutanen ciki su yi shawagi na daƙiƙa 22 a kowane zagaye. A irin wannan jirgi ne, a Amurka, ɗalibar sakandare 'yar Nijeriya Stella Felix ta ɗanɗana rashin nauyi a 2006. A Houston kuwa kududdufi NASA ta gina mai zurfin mita 12, inda ake daidaita kayan ɗan sama-jannati yadda ba zai nutse ba kuma ba zai taso ba. Wannan kwaikwayon yana da aibi, domin ruwa yana riƙe motsi kuma jiki yana jin nauyinsa a cikin rigar. Sun san da haka, kuma sanin inda kwaikwayo ya gaza rabin darasin ne.

Injiniyoyi ma da misali suke tunani. A 1933 Floyd Firestone ya nuna cewa ana iya ɗaukar sifirin a matsayin naɗin waya, abin da ke kashe girgiza a matsayin rizista, nauyin jiki kuma a matsayin kafasita, domin lissafi ɗaya ke tafiyar da su. Sai a haɗa 'yan wayoyi a kan tebur a san yadda mota za ta yi tsalle a kan gargada tun ba a ƙera ta ba. Malcolm Smith na Jami'ar Cambridge ya lura cewa misalin yana da giɓi: kafasitar da ke wakiltar nauyi dole ƙafarta ɗaya ta kasance a ɗaure da ƙasa. Ya ƙera ƙarfen da zai cike giɓin, ya wallafa aikin a 2002, kuma a 2005 motar McLaren da aka sa wa ƙarfen ta lashe tseren Sifen.

Kada kuma hukuma ta ji wannan ta yi murna, ta ce tun da gwangwani ya isa, an huta da sayen kaya. Bai isa ba. Batir, waya, ƙaramin ƙwan fitila da ma'aunin sifirin ba a tsintarsu a bola, kuma albashin da ba ya kai mu ƙarshen wata ba shi ne zai saye su ba. Reshenmu ya kamata ya kai buƙatu biyu a rubuce: akwatin kayan gwaji ga kowace firamare, da gurbi a takardar masu duba makarantu inda za a rubuta gwajin da yara suka yi da hannunsu. A sa su cikin ajandar taronmu na gaba.