Bindiga Ma Tana Jin Sanyi

Darasin wannan mako a kan bindiga ne, domin ta cika littattafanmu. Jarumi soja ne ko ɗan sanda, a tura shi kwas Rasha ko Kanada, ƙanƙara na zuba, ya zaro bindiga da hannu ɗaya ya harbe mutum daga nesa ko numfashinsa bai sauya ba. Ra'ayina shi ne wannan lalaci ne a rubutu, kuma lalacin yana da illa. Bindiga ƙarfe ce da albarushi, mai riƙe da ita kuma jini ne da tsoka. Dukansu yanayi yana juya su.

Mu fara da inda sanyin ya kai sanyi. Akwai wata gasa a ƙasashen ƙanƙara da ake kira bayatlon, wadda ta shiga wasannin Olamfik na lokacin sanyi a 1960. Ɗan wasa yana zamiya a kan ƙanƙara da bindiga goye a bayansa, ya tsaya ya harbi bara biyar daga nisan mita 50. Idan a kwance zai harba, faɗin abin da zai sama santimita 4.5 ne, idan a tsaye ne santimita 11.5. Tun 1978 suke amfani da ƙaramar bindiga mai harsashin .22, irin wanda sinadarin tada wutarsa yake zagaye a gefen gindin kwanso maimakon tsakiya.

To me sanyi yake yi wa wannan ƙaramin harsashi? Dalmar da ke bakinsa a shafe take da maiƙo, sanyi ya daskarar da shi. Albarushin da ke ciki kaɗan ne, kuma cikin sanyi ƙarfin cinsa yana raguwa, sai gudun harsashi ya ragu, ya sauka ƙasa da inda aka saita. Man da aka shafa wa bindigar ya yi kauri, yatsa ya sandare har ya daina jin kunama. Shi ya sa kamfanoni irin su Lapua suke yin harsashi na musamman don sanyi, 'yan wasa kuma suke sake gyara saiti kafin a fara gasa. Dokar gasar ma ta hana farawa idan sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili. Waɗannan ƙwararru ne da suka ƙare rayuwarsu a harbi, amma suna kuskure. Jaruminka da ya sauka daga jirgi jiya, a ina ya fi su?

Yanzu mu dawo gida, don a nan gizo ke saƙar. Sanyin Kano na hunturu ne, busasshe mai hazo. A Disamba da Janairu gari yakan waye da sanyin da ke sa a kewaye wuta a ƙofar gida, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Ita bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, babban makiyinta laima ce. Da damina albarushi yakan jiƙe ya ƙi tashi, da hunturu kuwa a bushe yake ƙayau. Matsalar maharbi a wannan lokaci ƙura ce da ke shiga ƙarfe, da hazon da ke rufe nesa, da hannun da ya yi kaushi. Kun ga ke nan wanda ya kwafo sanyin Turai ya liƙa wa maharbin Kano ya juya gaskiya baibai.

Kuma birnin nan ya daɗe da sanin bindiga. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Ranar 3 ga Fabrairu 1903, a tsakiyar rani, rundunar Kanar Morland ta fasa cikin birni ta wajen Ƙofar Kabuga, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. Duk mai son rubuta labari a kan wannan rana, to ya sa busasshiyar iska da ƙura a shafinsa, kada ya sa koren ganye da taɓo.

Haka ma hawan salla. 'Yan bindigar sarki suna barin wuta a Hawan Daushe har hayaƙi ya turnuƙe Ƙofar Kudu, amma salla ba ta da lokaci ɗaya a shekara, tana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara. A 2006 Babbar Salla ta zo sau biyu, a Janairu da ƙarshen Disamba, duka cikin hunturu. A 2016 kuwa a Satumba ta zo, ƙarshen damina. Idan labarinka ya ambaci shekara, duba kalanda kafin ka sa wa 'yan kallo rigar sanyi.

Na san wani zai ce, ai ƙagaggen labari ne, mai karatu soyayya yake bi, ina ruwansa da albarushi? Gaskiya ne ba darasin soja muke rubutawa ba, kuma marubucin da ya cika shafi uku da sunayen bindigogi ya gundure mu. Amma bayani ɗaya na gaskiya ya isa. Ka ce ya hura wa yatsunsa iska sau biyu kafin ya taɓa kunama, mai karatu ya ji sanyin a jikinsa, ya kuma ji tsoron da ke zuciyar jarumin. Wannan jimla ɗaya ta fi "ya harba tau tau tau" sau goma.

Akwai kuma abin da ya fi ado nauyi. Masu karanta mu suna Zamfara, suna Katsina, suna Borno, wasu sun binne 'yan uwa saboda harsashi. Idan muka mai da bindiga abin wasa wadda ba ta cijewa, ba ta kuskure, ba ta da nauyi a hannu ko a zuciya, mun yi wa matasa tallarta, mun kuma raina waɗanda suka ɗanɗana ɗacinta. Bindigar gaskiya tana ƙin tashi, tana samun wanda ba a nufa ba, ta toka ma takan fashe a hannun mai ita idan ɗuri ya yi yawa. Wannan ce ta cancanci shiga littafi.

Ba na cewa kowa ya nemi bindiga ya gwada. Dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe ta ba da lasisi ba, kuma marubuci tambaya yake buƙata. A cikin birni akwai tsofaffin mafarauta, akwai maƙera, akwai sojojin da suka yi ritaya. Je ka gaishe su, ka tambaye su yadda asubahin hunturu take a daji, me ke fara mutuwa a jiki, yatsa ko kunne. Matambayi ba ya ɓata.

Aikin wannan mako: rubuta sakin layi ɗaya, maharbi a bakin daji da asuba cikin Janairu, kada kalmar "sanyi" ta fito ko sau ɗaya, amma mu ji shi. Allah Ya ƙara wa alƙalami albarka.