Tsohuwar Gadar Makurdi Amana Ce

Duk wanda ya san hanyar jirgin ƙasa ta Gabas, watau wadda ta taso daga Fatakwal ta bi ta Inugu da Kafancan, ya san tsohuwar gadar nan da ta ƙetare kogin Binuwai a Makurdi. An soma gininta cikin 1928, Gwamna Sir Donald Cameron ya buɗe ta cikin watan Mayu 1932. Tsawonta ya kai wajen rabin mil, aka kuwa tsara ta yadda jirgi da mota duka za su bi. Kamfanin Sir William Arrol na ƙasar Sikotlan ya yi aikin, shi ne kuwa wanda ya gina shahararriyar gadar nan ta Forth.

Kafin a yi ta, in jirgi ya iso bakin kogi sai a kwance taragu a ɗora su bisa jirgin fito, a haye da su kaɗan-kaɗan. Da gada ta samu sai gawayin Inugu ya riƙa wucewa Arewa kai tsaye, kuzar Jos da amfanin gona kuma suka sami hanya sosai zuwa bakin teku. Garin Makurdi kansa da albarkacinta ya bunƙasa.

Waɗansu na cewa ai kwananta ya ƙare, tun da an gina wa motoci sabuwar gada, jirgi kuma ya yi wuyar gani a wannan hanya, don me za a ɓata kuɗi a kan tsohon ƙarfe? Mu dai ba mu yarda da wannan magana ba. Cikin 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin sabunta hanyar Fatakwal zuwa Maiduguri. To, ran da jirgi ya komo sosai, ta ina zai haye Binuwai? Kuɗin fenti da na sake ƙusoshi ba su kama ƙafar kuɗin sabuwar gada ba.

Tsufa kaɗai ba ya ka da gadar ƙarfe, sakaci ke ka da ita. Inda fenti ya ɓare nan tsatsa ke shiga, ta yi ta ci a ɓoye. Ruwa kuma, in ya yi ƙarfi, yakan rarake gindin ginshiƙai. Gadar ta jure ambaliyar 2012 da ta 2022, amma wannan bai zama hujjar a naɗe hannu ba. Rigakafi ya fi magani.

Saboda haka muna roƙon Hukumar Reluwe da Gwamnatin Jihar Binuwai su zauna su raba aiki a rubuce, kowa ya san abin da ke wuyansa, don abin da aka ce na kowa ne shi ke lalacewa. A sa injiniyoyi su riƙa duba ta kowace shekara bayan janyewar ruwa, a kuma buga rahotonsu jama'a su gani. Ku kuma malaman makaranta, ku koya wa yara labarinta, gama wanda ya san darajar abu ba ya barin ɓarawo ya kwance masa ƙarfe.

Waɗanda suka riga mu sun bar mana gada mai ɗaukar jirgi. Allah ya ba mu ikon miƙa ta ga na baya yadda muka karɓa, amin.